Talla a Cikin Shirun Dada

Gwadabawa, Jimeta
9 ga Maris, 2023

Zuwa ga ɗana Najmuddeen,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya a Kaduna, kai da iyalinka. Yaya ƙafar babanka, Yaya Ɗantani? Ka ce masa ƙanwarsa tana gaishe shi, man zafin da ya ce in nemo masa a kasuwar Jimeta na samo, zan ba direba. Mu nan lafiya lau sai zafi. Ka san garin nan a wannan wata, ruwan randa ma sai ka hura kafin ka sha. Dada Mairo da sauƙi, sugan ne dai yake hawa yana sauka, ga maganin kullum ƙara tsada yake yi.

Ka yi haƙuri da takarda. Yatsuna ba su saba da gilashin wayar da ka aiko mini ba, shi ya sa nake rubutawa da biro in ɗauki hoton in turo maka.

Maganar muryar Dada da ka ce kana so ka sa a shafinka na intanet don mutane su ji labaran tsofaffi, ga guda huɗu nan na turo. Akwai waƙar niƙa, akwai labarin kai ta gidan miji cikin Yola, akwai na yadda ake dafa man shanu, sai na haye kogin Binuwai a kwalekwale. Na huɗun ya yi tsawo, don ana cikin yi mai ruwa ya yi sallama na fita na bar wayar. Ban saurare shi ba. Ka yanke abin da ba shi da amfani.

Ka tambaye ni ko ta yarda. Dada ta san da maganar.

Ina roƙonka abu ɗaya, ka riƙe muryar nan da mutunci. A wurinka ƙanwar kakanka ce, ni kuwa ita ta riƙe ni tun ina 'yar shekara shida, ba ni da wata uwa da na sani sai ita.

Goggonka,
Baraka


Kaduna
2 ga Afrilu, 2023

Goggo Baraka,

Wa alaikumus salam. Barkanmu da shan ruwa. Baba yana amsawa, ya ce man ya iso, har ya fara cika baki wai zai taka zuwa masallacin Juma'a. Allah ya ƙara wa Dada sauƙi. Don Allah ku hana ta azumin nan, na san halinta.

Goggo, albishirinki. Shekara biyu ina fama da shafin nan, ban taɓa ganin jama'a kamar na wannan makon ba. Bari in yi miki bayanin yadda kuɗin ke zuwa, don na san za ki tambaya ko halal ne. Duk wanda ya buɗe muryar don ya saurara, ana sa masa 'yar gajeriyar talla ta murya, irin wadda kike ji a rediyo. Masu kayan su ke biya, gwargwadon yawan waɗanda suka ji. Ba caca, ba giya, na toshe waɗannan tun farko. Na turo kason Dada ta asusunki, ki saya mata magani.

Na huɗun nan ya fi duka. Ban yanke komai ba. Mutane suna rubuto mini cewa sun yi kuka, har daga Garwa da Ngaundere a Kamaru.

Yanzu wani kamfanin dillancin talla yana so mu yi yarjejeniyar wata shida a kan muryoyin nan huɗu. In na sa hannu ba zan iya sauke su ba sai lokacin ya cika. In akwai wanda ba ku so ya zauna, ki gaya mini kafin Sallah. In ban ji daga gare ki ba zan ɗauka babu matsala.

Ɗanki,
Najmuddeen


Gwadabawa, Jimeta
20 ga Mayu, 2023

Ɗana Najmuddeen,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kun yi Sallah lafiya. An yi ruwan farko nan shekaranjiya, gari ya ɗan yi sanyi. Dada ta ji daɗin jikinta ƙwarai, tunda maganin bai yanke ba kumburin ƙafar ya saɓe, har tana fitowa tsakar gida da kanta. Na san ka ga shiruna. Sau uku ina ɗaukar biro ina ajiyewa.

Jiya da hantsi Fibi maƙwabciyata, wadda ta yi ritaya daga aikin nas, ta leƙo ta katanga ta ce in zo. Na same ta ba ta ko zauna ba. Ta ce, "Malama, muryan Mama ne na ji jiya a shagon kitson Lilian a unguwar Shagari Lokos. Mata sun cika, an sa a sifika, kowa ya yi tsit. Ni na gane shi tun kalma na farko."

Na ce mata ai labarin kwalekwale ne, na sani.

Ta dube ni ta ce, "Kin ji shi har ƙarshe?"

Na ce a'a. Ta jawo mini kujera ta kunna a wayarta.

Najmuddeen, na ji inda mai ruwa ya yi sallama, na ji tafiyar takalmina ina fita. Daga nan Dada ita kaɗai ce a ɗakin. Ta yi shiru mai tsawo, ba ka jin komai sai numfashinta. Ana cikin wannan shirun sai kiɗa ya ɓarke, wata mace tana dariya tana cewa a sayi sabulun wanki, kaya su fita fari fat. Kiɗan yana ɗaukewa sai muryar Dada, ƙasa ƙasa, ta ce:

"Hamajoɗa. Na ga hadarin nan ran nan. Kana bakin ƙofa na ce kai, kai, ba ka juyo ba. Surukata tana zaune. Da na kira sunanka da ka juyo."

Kai a Kaduna ka tashi, wataƙila ba ka san nauyin abin ba. Hamajoɗa ɗanta ne na fari, wanda ruwa ya ci yana saurayi a kan hanyar ƙetare. Uwa irin Dada ba ta kiran sunan ɗan fari, balle ita da ta yi zaman aure cikin Fulanin Yola. Shekara arba'in da wani abu ina tare da ita, ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba, yana raye ko bayan ransa. "Wancan" take cewa, mu kuma mu gane. Ko ni ban san ta ga hadari ta kasa tsai da shi ba. Ta bari sai da ta tabbata ba kowa sannan ta faɗa, ashe wayata tana ƙarƙashin faifan wake tana ji.

Fibi ta ce wata a shagon cewa ta yi, "Tsohuwar nan ta iya wasan kwaikwayo." Wata kuma ta ce a maimaita wurin.

Wa ya sa sabulu a wannan wurin? Kai ne? Ba faɗa nake yi ba, so nake in sani. Kuma ina roƙonka ka sauke shi yau.

Goggonka,
Baraka


Kaduna
22 ga Mayu, 2023

Goggo,

Na gode Allah da jin Dada ta samu sauƙi. Mu ma lafiya.

Na karanta takardarki sau biyu. Wallahi ba ni na sa tallar a wurin ba. Na'ura ce take duba muryar, duk inda ta ga shiru mafi tsawo sai ta ɗauka nan aka huta, ta saka talla. Ba ta san shirun kuka da na hutu ba. Ni kuma in na buɗe daga ɓangarena na mai shafi ba a sa mini talla, shi ya sa ban taɓa ji ba sai da kika faɗa na ari wayar matata. Na ji kunya.

Amma Goggo, ki yi mini adalci. Na tambaye ki ko ta yarda, kika rubuto cewa ta san da maganar. Na ce ki gaya mini kafin Sallah, na jira har kwana goma bayan Sallah, ban ji komai ba, na sa hannu. Yanzu in na sauke, kamfanin zai rufe mini hanyar talla gaba ɗaya, ba a kan na Dada kaɗai ba. Da shi nake biyan makarantar yara, da shi ake sayen maganin da kika ce ya sa tana fitowa tsakar gida.

Ga abin da nake gani. Zan iya roƙonsu a mai da tallar farkon muryar, a bar shirun yadda yake. Zuwa Oktoba sai in sauke a hankali. Dada ba ta riƙe waya, ba ta zuwa shagon kitso. In ba a gaya mata ba, wa zai gaya mata? Kuma mutane addu'a suke yi wa mamacin, da sunansa. Ni ban ga sharri a nan ba.

Ina jiran amsarki, wannan karon don Allah kada ki yi shiru.

Najmuddeen


Gwadabawa, Jimeta
6 ga Yuni, 2023

Ɗana Najmuddeen,

Sallama. Ina gaida kowa. Ba zan ce maka muna lafiya ba, ka karanta ka gani.

Ka yi gaskiya, kuma ba ka faɗi rabin laifina ba. Ran da na kai wa Dada saƙonka cewa ta yi, "Labarina na cikin ɗaki ne, ba na kasuwa ba." Ta ƙi. Ni kuma na duba kwalin magani saura ƙwaya shida, na tuna ka ce abin yana iya kawo wani abu, sai na ɓoye wayar na ja ta da hira. Da na zo rubuta maka na daɗe ina neman kalmar da ba ƙarya ba ce kuma ba za ta hana ka ba, na samo "ta san da maganar". Ni da nake zaunar da matan aure a Islamiyya ina karanta musu babin amana. Shirun da na yi maka kafin Sallah ma ba mantuwa ba ce. Na san in na amsa dole in faɗi gaskiya ko in ƙara wata ƙaryar, sai na zaɓi in bar kwanakin su wuce, ya zama kai ka yanke.

Na yi mako biyu ina juya shawararka. Ba ta da wuya. Sai dai kullum da safe ni ke miƙa mata maganin, ta karɓa ta ce Allah ya yi mini albarka, ta ce ko 'yar cikinta ba za ta yi mata haka ba. Ta ɗauka daga kuɗin man gyaɗar da nake yi ne. Na kasa ci gaba da karɓar wannan albarkar.

Ran Asabar bayan ta sha koko na zauna a ƙasa kusa da gadonta na gaya mata komai. Ban sa sunanka a gaba ba, na ce ni ce. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, "Kunna in ji."

Na ce, "Dada, ki bari."

Ta ce, "Mutanen Garwa sun ji, ni ce ba zan ji ba?"

Na kunna. Ta ji labarin kwalekwalen tana gyaɗa kai, har ta gyara wa kanta wani wuri, ta ce ba Talata ba ce, Laraba ce. Da aka zo shirun, wannan karon ba sabulu ba ne, tallar taliya ce, yara suna tafi suna waƙa. Ta ɗago kai ta ce, "Su wa suka shigo mini ɗaki?" Sai ga muryarta a wayar ta fito da sunan.

Ba ta yi kuka ba. Da ma ta yi. Ta jawo mayafinta ta rufe kanta har goshi, kamar baƙon namiji ya shigo. Ta ce, "Mutum nawa?"

Na ce, "Da yawa, Dada."

"Sun kai mutanen sallar Idi?"

Na ce sun fi.

Ta ce in kashe. Can ta nuna kwalin maganin da ke kan taga ta ce, "Wannan da shi aka saya?" Na ce e. Ta ce, "To ɗauke. Na bar shi ya tafi ruwa don kunya, ba zan haɗiye shi da ruwa ba."

Yau kwana uku ba ta sha ko ƙwaya ɗaya ba. Abinci tana ci kaɗan. Fibi ta zo ta gwada sugan ta ce ya hau sosai, ta yi lallashi har da barazanar za ta kira mota a kai ta asibiti. Dada ta ce mata, "Fibi, ke ba ki yi mini komai ba, zauna ki sha ruwa." Ni kuwa in na shiga sai ta amsa gaisuwata da kyau, ta juya fuska bango.

Ban san yadda za ka yi da kamfanin ba, kuma na san ni na jefa ka. Amma ba maganar mai da talla farko ko ƙarshe ba ce yanzu.

Baraka


Kaduna
7 ga Yuni, 2023

Goggo,

Na sauke duka huɗun da safen nan. Kamfanin sun rufe mini talla, sun ce sai sun duba. Wannan matsalata ce, kada ki sa shi a ranki. Baba ya ji labarin, ya kira ni ya yi mini wankin babban bargo. Ya ce ko da Dada ta yarda da bakinta, ɗan gidan nan ya kamata ya ji wurin nan ya san ba na fitarwa ba ne. Ni ne ma na rubuta wa muryar take da sunan Hamajoɗa a jiki don ya ja mutane. Ban gaya miki wannan ba.

Akwai abin da dole ki sani. Wasu sun riga sun kwafe muryar suna tura wa juna a waya. Wannan ba ni da ikon dawo da shi.

Ki gaya mata an sauke. Zan turo wani kuɗin, ba na talla ba, ki saya mata sabon magani yau. Ki ce mata jikanta yana neman gafara.

Najmuddeen


Gwadabawa, Jimeta
19 ga Yuni, 2023

Ɗana Najmuddeen,

Assalamu alaikum. Ina gaida Yaya Ɗantani, ka ce masa ya sassauta maka, babban kason laifin nawa ne. Allah ya buɗa maka wata ƙofar, ya sa yaran kada su rasa makaranta saboda ni.

Dada ta koma shan magani. Sugan ya fara sauka, Fibi tana zuwa duk bayan kwana biyu tana gwadawa.

Na gaya mata an sauke, na kuma gaya mata akwai waɗanda suka kwafa, don na gama ɓoye mata abu. Ta ce, "Abin da ya fita ya fita." Saƙonka na neman gafara ta ce yaro ne kai, abin da aka ba ka ka karɓa. Ni ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba, ni ma ban tambaya ba tukuna.

Kuɗin da ka turo na mayar maka, kada ka ji haushi. Na yarda ba na talla ba ne, amma a asusu ɗaya suka kwana da wancan, ba zan iya rantsuwa a kansu ba. Rantsuwa kuwa yanzu ita ake bukata. Na koma suyar gyaɗa sau uku a mako, matan Islamiyya suna sayen man da ƙulin, da wannan na sayo sabon kwali a kemis. Ragowar tsohon na ba Fibi ta kai wa wata mai irin ciwon a cocinsu.

Ran da na kawo sabon na ce, "Dada, wannan na man gyaɗa ne." Ta dube ni ta ce, "Ki ce wallahi."

Najmuddeen, tun ina yarinya in aka yi ɓarna a gida ni ake kira a tambaya, abin da na faɗa shi ke nan. Ita da kanta take ce wa mutane Baraka ba ta bukatar rantsuwa. Na ce wallahi. Ta karɓa ta sha.

Na ɗauka na ranar ne kaɗai. Washegari na miƙa mata, ta riƙe ƙwayar a tafin hannu tana jira. Haka jibi, haka gata. Ba ta ɗaga murya, ba ta ɓata fuska, jira kawai take yi. Yau kwana goma sha ɗaya ke nan, da safen nan ma sai da na rantse.

In za ka zo Babbar Sallah ka zo, za ta yi murna da ganinka. Ka sa ni a addu'a.

Goggonka,
Baraka